Fetur Mai Ƙamshin Turare

Ana idar da sallar azahar aka kira Sufeto Rashad. Mota ta kama da wuta a wani lungu na Al Asmakh. Direban ya fito ya ɗaga bonet don ya ga inda hayaƙi ke fitowa, wutar ta yi tsalle ta rufe shi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Sunansa Garzali, mutumin Gwarzo, direban wani dattijon Balarabe.

Rashad ya tarar 'yan kwana-kwana sun gama nasu. Tsohuwar jif ce, irin wadda ta girmi direbanta da kaɗan, gabanta ya ƙone ƙurmus, bayanta kuwa ko fenti bai tashi ba. Ya zagaya ta a hankali, hannayensa a baya. Da ya zo wajen tankin mai sai ya tsaya yana buɗe hanci.

Ƙauri ne ko'ina, amma a ƙarƙashin ƙaurin akwai wani ƙamshi, irin na shagon turare.

Murfin tankin rawaya ne. Ya sa farce ya kankare gefensa, sai baƙi ya leƙo daga ciki. Ya kwance shi ya jefa a leda.

Kofur ɗinsa ya matso, ya ce da Larabci, "An gama, yallaɓai. Mun kama bakaniken. Shi ya canja tiyon mai a makon nan. Shugaban ɗakin su marigayin ne ya ba mu sunansa."

"Da wuri haka?"

"Tun kafin mu tambaya."

Rashad ya dubi inda kofur ya nuna. Wasu Hausawa uku na tsaye a inuwar bango. Na tsakiya dattijo ne mai farar jallabiya da carbi, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Kowa ya kame bakinsa. Abin da aka tambaye ka, ka ce ba ka sani ba. Mu bar Dogara ya ji da abin da hannunsa ya yi."

Rashad ya ƙarasa wurinsu ya yi sallama. Suka amsa. Sai ya ce da Hausa, "Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙansa."

Carbin ya tsaya a hannun dattijon.

Ba su ne na farko da hakan ta faru da su ba. Rashad haifaffen Sudan ne, jikan wani alhaji da ya taso daga Haɗeja a ƙafa zai tafi Makka, ya yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gida. Hausarsa ta tsofaffi ce, tana ba matasa dariya, amma babu abin da ke wuce kunnensa.

"Ashe na gida ne!" in ji dattijon, yana murmushin da bai kai ido ba. "Ni ne Ghali. Ni nake ja musu salla a ɗaki. Wannan Uwais, direba. Wannan Ja'afaru, ƙanen mai ɗakina, gadi yake yi."

"Malam Ghali, a ina marigayi yake shan mai?"

"Gidan mai mana, ranka ya daɗe. Ina kuma?"

Uwais ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

A caji ofis, Dogara bakanike na zaune a kan benci, hannayensa baƙi da man inji. Ba ɗan ɗakin su Ghali ba ne. Mutumin Tafawa Ɓalewa ne, yana aiki a wani gareji, yana kwana can. Idan aka tabbatar sakacinsa ne ya kashe mutum, gidan yari ne, daga nan a sa shi a jirgi, ba zai sake shigowa ba. Shi ma ya san haka.

"Kai ka canja tiyon?"

"Ni ne, yallaɓai. Mai kyau na sa."

"A garejinku?"

"E."

"Na aika garejinku. Sun ce motar ba ta taɓa shiga can ba."

Rashad ya tsare shi da ido.

"Ka fara da ƙarya, Dogara. Ni kuma ba ni da wani a hannu sai kai."

"Yallaɓai, ranar Juma'a nake yi, a bayan gidan su Garzali a Najma. Idan kafil ɗina, mai gidan da ya kawo ni ƙasar nan, ya ji ina aikin waje, khalas, shi ke nan, ya soke min iƙama, takardar zamana. Shi ya sa."

"Motar Garzali kaɗai?"

"A'a. Har da ta Uwais, da ta wani ɗan Katsina. Duk cuta ɗaya. Tiyon ya yi laushi kamar an jiƙa shi a ruwan zafi, ka matsa ya tsage. Na canja wa Garzali na ƙasa, na ce masa sauran robobin ma sun fara, ya ajiye motar. Ya ce mai gidansa na son zuwa gona."

"Me ke cinye su?"

"Wallahi ban sani ba. Na ce musu man da suke sha ba shi da kyau. Malam ya ce ni ne ban iya aiki ba."

"Wane Malam?"

"Malam Ghali."

"Motarsa ce?"

"A'a."

"To me ya kawo bakinsa?"

Dogara ya buɗe hannu, alamar shi ma bai sani ba.

Washegari Rashad ya je ɗakin gwaje-gwaje. Dakta Hafiza, 'yar Zariya, ita ke duba abin da aka kwaso daga wuraren gobara. Ta ajiye masa wata 'yar kwalba a gaba.

"Shinshina, Sufeto."

"Turare."

"Wannan daga tankin motar aka zuƙo shi. Kusan rabinsa ba fetur ba ne, itanol ne. Barasa ke nan, irin wadda masu haɗa turare suke narka ƙamshi a ciki. Wannan ma an riga an yi aiki da ita, shi ya sa take ƙamshi."

"Mota tana tafiya da giya?"

Ta yi dariya. "Tana tafiya. A Amurka har a gidan mai ake sayar da irinsa, da rangwame. Akwai wanda aka sa wa kaɗan, kashi goma sha biyar cikin ɗari, sun ce motocin da aka ƙera daga shekarar 2001 za su iya sha. Akwai mai yawa, shi kuma sai motar da aka ƙera musamman dominsa. Tiyonta daban, robobinta daban. Yawanci za ka ga murfin tankinta rawaya ne, don mai ita ya gane."

Rashad ya zaro ledar daga aljihu ya ajiye.

Ta juya murfin ta kankare. "Wannan fentin gwangwani ne. Na gaskiya robarsa ce rawaya tun daga kamfani, da rubutu a kai."

"Idan aka zuba wa tsohuwar mota fa?"

"Ya riƙa cin robar a hankali. Ga zafin garin nan. Wata rana tiyo ya tsage, mai ya fesa kan inji mai zafi." Ta ɗaga kafaɗa. "Ko sabon tiyo aka sa a wuri ɗaya, wani wurin zai buɗe. Kuma wanda ya tsage a motar nan tsoho ne, ba wanda aka canja ba."

"Ke nan bakaniken..."

"Wannan aikinka ne. Ni kwalba na sani."

Da la'asar sakaliya ya shiga Najma. Ya bar motarsa nesa, ya bi ta bayan gidan, inda direbobi ke ajiye motocin iyayen gidansu. Yana tafe yana buɗe ƙofar tanki ɗaya bayan ɗaya. Uku murfinsu fentin rawaya. Ta huɗu wata doguwar mota ce 'yar Amurka, ta hannu. Murfinta rawaya ne har ciki, da rubutu.

"Ta wa ce wannan?" ya tambayi wani mai wankin mota.

"Ta Malam ce. Tasa ta kansa."

Ɗakin yana hawa na biyu, gadaje masu bene a jere, kowa ya rataya tawul ya yi labule. An shimfiɗa tabarma a tsakiya ana karɓar gaisuwa. Ghali ya tashi da sauri ya ba shi wuri, ya sa aka zubo shayi.

"Ranka ya daɗe, yaushe za a ba mu gawa? Iyayensa sun ce a binne shi nan."

"Ba za a daɗe ba. Malam, wane aiki kake yi?"

"Direba ne ni ma. Kamfanin kwasar shara na masana'antu."

"Kana zuwa ma'ajiyar masu turare?"

"Ko'ina ana tura mu. Ban riƙe ba."

Rashad ya juya ga Ja'afaru. "Kai ina kake gadi?"

Ja'afaru ya dubi mijin yayarsa kafin ya amsa. "A Sana'iyya. Ma'ajiyar wani kamfanin turare."

Uwais ya matsa kaɗan daga kusa da shi.

"Ka taɓa ganin Malam a can?"

"Ban taɓa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ni duty ɗin rana nake yi. Motoci da yawa ke shiga."

"Ban tambaye ka duty ba."

Ghali ya sa baki. "Yaron nan ni na kawo shi ƙasar nan, ranka ya daɗe. Ba ya ɗaukar ko allura."

"Ban ce an ɗauki wani abu ba, Malam."

Rashad ya kurɓi shayi. Idonsa ya sauka ƙarƙashin gadon da ke kusa da taga, inda sallaya ke ninke a kai. Wani jan abu ya leƙo, mai dogon wuya.

"Famfon zuƙar mai ne wancan?"

Wani daga bayan ɗaki, da alama yana son ya sassauta zaman, ya ce, "Na Malam ne. Mu ma dariya muka yi ranar da ya sayo shi. Mutumin da ya yi shekaru yana bumburutu a titin Zariya! A Kano in Malam ya kafa baki a tiyo, kafin ka ƙifta ido jarka ta cika, ko ɗigo bai haɗiya ba. Wai yau shi ne da famfo, kamar Bature."

Wasu suka yi 'yar dariya. Ghali bai yi ba.

"Tsufa ne," in ji shi. "Ƙirji ba ya ɗauka."

Rashad ya ajiye kofi ya yi musu sallama. Yana sauka ya aika kofur ya kira masa Uwais shi kaɗai, suka zauna cikin mota.

"Wa ya shafa wa murfin tankinka fenti?"

"Haka na same shi."

"Uwais, motar da kake ɗaukar 'ya'yan mai gidanka zuwa makaranta, abin da ke cikin ta Garzali shi ke cikinta. Gobe da safe za ka ɗauke su?"

Gumi ya karyo masa duk da sanyin motar.

"Yallaɓai, in mai gidana ya ji ina rage kuɗin mai..."

"In ya ji, ya kore ka. In ta kama da yara a ciki fa?"

Uwais ya rufe fuska da tafin hannu. "Ba fenti aka ce mana ba. An ce murfi ne na musamman, yana da abin tace mai a ciki. In ka sa shi, motarka ta zama irin ta Amurka, za ta sha man Amurka. Man ya fi na gidan mai araha sosai."

"Wa ya ce?"

"A jarka ake kawowa. Da safe mu tarar an zuba."

"Wa?"

"Yallaɓai, a bayansa nake salla. Tare muke cin abinci a tire ɗaya. Kar ka sa ni."

"An gaya muku me ke cikin man?"

"Man Amurka kawai. Mun ɗauka ƙamshin ma na can ne."

Rashad ya sallame shi, bayan ya karɓe makullin motar.

Ya daɗe a zaune yana tunani. Ya san mutanensa. Ko za a kwana ana tambaya, babu wanda zai kira sunan limaminsa a gaban ɗan sanda. Jarkokin kuwa tabbas an kawar da su tun jiya. Ja'afaru na gadin wurin da barasar ta fito, Ghali na da motar da ke kwasa. Ɗayansu ne, ko duka biyun. Kuma muddin ba a samu wanda ya haɗa man ba, kafil ɗin marigayi, dattijon Balaraben, na nan a kan bakansa cewa bakanike ne ya ɓata masa mota, Dogara kuwa zai wuce kotu.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne famfon.

Da safe ya dawo, ya sa aka tara 'yan ɗakin a bayan gida. Ya zo da jarka babu komai a ciki, da guntun tiyo. Ya buɗe tankin motar Uwais.

"Ina son a kwashe man da ke cikin nan, kada ta yi irin ta Garzali. Famfon ofishinmu ya lalace."

"Bari a ɗauko nawa," in ji Ghali.

"Kofur ya ɗauke shi, yana cikin kayan bincike. Ai an ce kai gwani ne, Malam. Zuƙa ɗaya ce."

Ya miƙa masa tiyon. Ghali bai karɓa ba.

"Ina azumi, ranka ya daɗe."

"Da dabino a hannunka na same ka."

"Ƙirjina..."

"Ba haɗiya za ka yi ba."

Mutane suka fara kallon juna. Ja'afaru, da ya ga ana neman kunyata mijin yayarsa a bainar jama'a, ya matso ya fizgi tiyon.

"Kawo, yallaɓai. Wannan ai ba abin da za a tsayar da babba a kai ba ne. Wa bai taɓa zuƙar fetur ba a cikinmu?"

Ya zura tiyon cikin tanki, ya durƙusa, ya goge bakin da gefen riga. Rashad ya matso dab da shi, hannunsa a shirye, amma idonsa na kan Ghali.

Ja'afaru ya ce bismilla, ya kai tiyon baki.

Ghali ya yi kukan kura ya doke hannunsa, tiyon ya faɗi ƙasa.

"Kai! Kada ka sa a bakinka! Giya ce! So kake ka yi asarar sallar kwana arba'in?"

Babu wanda ya motsa. Can nesa ana jin ƙarar na'urorin sanyi da hon ɗin wata bas.

Ja'afaru na durƙushe yana kallonsa. "Giya, Yaya?"

Rashad ya sunkuya ya ɗauki tiyon, ya naɗe shi a hannu.

"Ni da likitar da ta gwada man nan kaɗai muka san abin da ke ciki, Malam. Ban gaya wa kowa a nan ba. Kai wa ya gaya maka?"

Ghali ya ja da baya. Ya nemi bango ya jingina.

"Shi ya sa ka sayi famfo," in ji Rashad. "Ba ƙirji ba ne."

"Zubarwa za a yi," in ji Ghali, muryarsa ta dushe. "Gangunan da suka gama aiki da su, ni ake ba in kai inda ake ƙonawa. Na gani a waya cewa a Amurka da shi ake tafiya. Na gwada a tawa, ta tafi lafiya, har yau lafiya take. Na ce to me ya sa za a ƙona abin da zai taimaki 'yan'uwa?"

"Taka an ƙera ta domin haka. Ka sani."

"Na san murfinta rawaya ne."

"Sai ka sayi gwangwanin fenti."

Rashad ya ci gaba.

"Da Dogara ya ce maka man ne ke cin tiyo, ka daina?"

"Na rage yawan abin."

"Ka daina?"

"Ban daina ba."

"Da Garzali ya ƙone, sunan wa ka bayar?"

Uwais ne ya amsa, da wata murya da ba a san shi da ita ba. "Na Dogara. Ya ce mana ai shi ba namu ba ne."

Ja'afaru ya miƙe a hankali. "Ka ce min gangunan wanki ne, Yaya. Ka ce in an tambaye ni in ce ban gan ka ba, don kada a ce kana shigowa ba bisa ƙa'ida ba. Ni na riƙa buɗe maka ƙofa."

"Na hana ka sha, Ja'afaru. Ka gani da idonka, na hana ka."

"Ka hana ni," in ji Ja'afaru. "Garzali fa?"

Ghali ya dubi fuskokin da ya saba gani a bayansa in ya yi sallama, bai samu wadda ta dube shi ba. Ya sa carbinsa a aljihu, ya miƙa hannayensa biyu. Kofur ya sa masa ankwa.

"Yalla, mu je," in ji kofur.

Kafin su tafi Rashad ya juya ga sauran. "Duk mai murfin fenti ya kawo makulli. Ba wanda zai tayar da mota sai an wanke tanki an canja robobi. Kowa ya kira mai gidansa ya gaya masa da bakinsa, kafin ni in kira."

Makullai suka fara fitowa daga aljihu, ɗaya bayan ɗaya.

Bayan azahar aka buɗe wa Dogara ƙofa. Ya fito yana ƙyafta ido, ya tsaya a gaban teburin Rashad.

"Ka tafi. Maganar aikin Juma'a kuma, tsakaninka da kafil ɗinka ne, ba a kawo min ƙararta ba."

"Na gode, yallaɓai. Allah ya saka."

"Ina za ka yanzu?"

"Najma. Uwais ya aiko a gaya min wai motoci uku na jira." "Amma sai an binne Garzali tukuna. Sun ce in zo, da ni za a ɗauki makara."